Jack Johnson da Fatan Masu Farar Fata

Duk wanda ya taɓa zama a ajin ilimin harshe ya san cewa karin sauti da jinsi ne kaɗai suka raba kalmomi biyu da muke rubutawa iri ɗaya a Hausa: fata na buri, kamar a fatan alheri, da fata ta jiki, kamar a fatar goshi. Na farko namiji ne, gaɓoɓinsa biyu duk a sama suke, ta biyu kuwa mace ce, gaɓarta ta ƙarshe faɗuwa take yi. Shekara da shekaru ina ba ɗalibai wannan misali a matsayin abin nishaɗi kawai, sai ga shi kalmomin sun haɗu a wuri guda cikin sunan wani wasan kwaikwayo na Amurka, The Great White Hope, wanda idan aka mayar da shi Hausa zai zama Babban Fatan Masu Farar Fata. Howard Sackler ne ya rubuta shi, aka fara nuna shi a birnin Washington a ƙarshen 1967, ya koma New York a 1968, ya ci kyautar Pulitzer a 1969. Na kalle shi wani dare a ƙaramin ɗakin wasa na wata jami'a a Amurka, lokacin da na je taro kan harsunan Afirka, ɗalibai ne ma suka yi shi. Jarumin wasan sunansa Jack Jefferson, amma kowa a ɗakin ya san cewa labarin Jack Johnson ake bayarwa, baƙar fata na farko da ya riƙe kambun duniya na damben zamani a ajin masu nauyi. Rayuwar mutumin ta ainihi ta fi wasan ɗaci, ta kuma fi shi wuyar yanke wa hukunci, ita nake so mai karatu ya biyo ni mu duba.

An haifi John Arthur Johnson ranar 31 ga Maris, 1878, a Galveston, wani gari mai tashar jiragen ruwa a jihar Texas. A wannan gari ne aka karanta wa bayin Texas sanarwar 'yancinsu a watan Yuni na 1865, wato shekara 13 kacal kafin haihuwarsa, kuma iyayensa duka biyu, Henry da Tina, a cikin bauta aka haife su. Karatunsa bai wuce 'yan shekarun firamare ba. Ya yi dako a bakin teku, ya yi shara, ya shiga irin wasan ƙasƙancin nan da Turawan Kudu ke shiryawa, inda ake zuba samari baƙaƙe da yawa a fage guda, wani lokaci a ɗaure musu idanu, su yi ta jibgar juna har saura ɗaya a tsaye, a watsa masa 'yan kuɗi. Yana ɗan shekara 18 kotun ƙolin Amurka ta halatta wariyar launin fata a jiragen ƙasa da sauran wuraren jama'a, a hukuncinta na 1896.

Abin da ya mayar da shi gwani ya faru ne a kurkuku. A watan Fabrairu na 1901 wani tsohon hannu a dambe, Joe Choynski, ya zo Galveston ya kwantar da Johnson a turmi na uku. Da yake dokar Texas ta hana damben kuɗi, sai aka kama su duka biyu aka tsare su sama da mako uku. A can Choynski ya koya masa cewa mai ƙafa irin tasa bai kamata a riƙa samunsa da naushi ba. Daga nan salonsa ya kafu: ya tare, ya goce, ya riƙe hannun abokin karawa, ya bar shi ya gaji da kansa, sa'an nan ya hukunta shi a kan kowane kuskure. 'Yan jaridar lokacin sun kira wannan salo ragwanci da tsoro, alhali kuwa da James Corbett, wanda Bature ne, ya yi irinsa shekaru kaɗan kafin nan, hikima suka kira shi. A 1903 Johnson ya ci kambun da aka keɓe wa baƙaƙe zalla, bayan ya doke Denver Ed Martin a Los Angeles.

Kambun gaske kuwa a rufe yake. Tun zamanin John L. Sullivan zakarun ajin masu nauyi suka ɗaura wa kansu ƙa'idar cewa ba za su kara da baƙar fata a kan kambu ba. A ƙananan azuzuwa an bari, domin Joe Gans ya riƙe kambun marasa nauyi tun 1902. Amma zakaran masu nauyi shi ake ɗauka a matsayin namijin da ya fi kowane namiji ƙarfi a duniya, kuma al'ummar da ta gina dokokinta a kan cewa Bature ya fi baƙi ta kowace fuska ba za ta yarda a gwada wannan da'awa a bainar jama'a ba. James Jeffries ya yi ritaya a 1905 ba tare da an taɓa doke shi ba, bai kuma taɓa ba Johnson dama ba. Da kambun ya faɗa hannun Tommy Burns, ɗan Kanada, sai Johnson ya sa shi a gaba, ya bi shi Ingila, ya bi shi Faransa, yana sayen tikitin kujerar gaba a wasanninsa yana yi masa gori. Kuɗi ne suka warware abin da gori ya kasa: wani ɗan kasuwar Ostireliya, Hugh McIntosh, ya yi wa Burns alkawarin dala 30,000, ko ya ci ko ya faɗi. Ranar 26 ga Disamba, 1908, a birnin Sydney, gaban mutum kusan 20,000, Johnson ya yi ta wasa da Burns kamar kyanwa da ɓera, har 'yan sanda suka shiga suka tsayar da faɗan a turmi na 14. An kashe na'urar ɗaukar majigi kafin ƙarshen, don kada duniya ta ga faɗuwar zakara.

A nan nake so in ɗan dakata, domin abin ya taɓa sana'ata. Johnson ba da hannu kaɗai yake dambe ba, har da baki. Yana naushi yana hira, yana yaba wa abokin karawa cikin ba'a, yana nuna masa inda zai kai hari, yana juyawa ga 'yan kallo yana murmushi da haƙoransa na zinariya, irin waɗanda mu muke kira haƙorin Makka. A fagen damben gargajiya na ƙasar Hausa wannan ba abin mamaki ba ne, ɗan damben da bai iya kirari ba ai bai cika ba, kuma ba wanda zai ce ya yi rashin kunya don ya kambama kansa. A Amurka ta 1908 kuwa, inda ake rataye baƙaƙe gommai a kowace shekara ba tare da shari'a ba, wani lokaci a kan kallo ko magana kawai, murmushin nan ya fi naushin ciwo. Jaridu suka rama ta hanyar harshe. Sukan rubuta maganarsa da gurɓataccen Turancin da 'yan barkwanci ke kwaikwayon bayi da shi, masu zanen barkwanci kuma su yi masa leɓɓa kamar faifai. Amma muryarsa tana nan a faya-fayan da aka naɗa, kuma wanda ya saurara zai ji mutum mai tsararriyar magana, mai son manyan kalmomi, wanda ya saba da littafi da kiɗan Turai. Abin da ya ɗan sosa mini rai a daren da na kalli wasan shi ne, Sackler, duk da kyakkyawar niyyarsa, shi ma irin wancan karyayyen harshen ya sa a bakin jaruminsa.

Marubucin nan Jack London yana cikin waɗanda suka kalli faɗan Sydney, kuma a rahoton da ya aika wa wata jaridar New York ya roƙi Jeffries da ya baro gonarsa ya zo ya goge murmushin nan daga fuskar Johnson. Daga nan aka shiga farautar Baturen da zai ƙwato kambu, wanda aka laƙaba wa sunan da wasan ya ara. An jarraba da dama. Stanley Ketchel, zakaran matsakaita nauyi, ya yi nasarar kai Johnson ƙasa a turmi na 12 a watan Oktoba na 1909, Johnson ya miƙe ya sauke masa naushin da ya zubar masa da haƙora ya bar shi a sume. Bai rage ba sai Jeffries, mai shekara 35, wanda rabonsa da fage kusan shekara shida, ya yi ƙiba har sai da ya sha wuyar sauke ta. Aka sa kuɗin gasa dala 101,000. Da farko a San Francisco za a yi, gwamnan California ya hana, aka koma Reno a jihar Nevada, aka kuma zaɓi ranar 4 ga Yuli, 1910, ranar bikin 'yancin Amurka.

An karɓe bindigogi a ƙofa. Corbett, wanda ke ɓangaren Jeffries, ya yi ta jifan Johnson da zagin launin fata daga gefen fage don ya harzuƙa shi, Johnson kuwa yana mayar masa da amsa yana ci gaba da aikinsa. Turmi 45 aka tsara, amma a na 15 Jeffries ya faɗi, karo na farko a duk rayuwarsa ta dambe, ya tashi ya sake faɗi, har mutanensa suka shiga suka tsayar da faɗan don kada a ƙirga masa goma. Daga baya shi da kansa ya amsa cewa ko a ganiyarsa ba zai iya da Johnson ba. A wannan dare rikici ya ɓarke a garuruwa da dama, daga New York zuwa Washington zuwa ƙauyukan Kudu, inda gungun Turawa suka far wa baƙaƙen da suka fito murna. Mutum wajen 20 suka mutu, ɗaruruwa suka ji rauni, kuma mafi yawansu baƙaƙe ne, talakawan da ba su ga ko kwabo daga kuɗin Reno ba. Garuruwa da jihohi suka hana nuna majigin faɗan, a 1912 kuma majalisar dokokin tarayya ta haramta ɗaukar majigin dambe daga jiha zuwa jiha, dokar da ta zauna har 1940.

Da aka rasa mai kayar da shi a fage sai aka koma ɗakin kwanansa. Johnson bai taɓa ɓoye hulɗarsa da mata Turawa ba, wasu matan aure ne da suka rabu da mazansu, wasu karuwai. Yana yawo da su a motocin tsere, yana sa tufafi masu tsada, ya buɗe gidan rawa a Chicago mai suna Café de Champion inda baƙi da fari ke cuɗanya. A watan Janairu na 1911 ya auri Etta Duryea, wadda danginta da ƙawayenta suka yanke ta saboda shi, baƙaƙen da ke kewaye da shi kuma ba su karɓe ta ba. A nan dole a faɗi abin da masu yabonsa ke tsallakewa: Johnson yana dukan mata. Ya taɓa yi wa Etta dukan da ya kai ta asibiti, yana kuma cin amanarta a fili. A watan Satumba na 1912 ta harbe kanta a ɗakinsu da ke saman gidan rawar. A wasan Sackler an narkar da matan rayuwarsa an yi mace guda, Eleanor, wadda baƙin cikin gudun hijira ya kai ga hallaka kanta a Meziko. Wannan ya fi daɗin kallo, domin laifin ya koma kan masu farautarsa. Etta ta gaske kuwa ta mutu ne a Chicago, mijinta yana kan ganiyar arziki da suna, tun kafin a kai shi gaban kowane alƙali a kan wannan batu.

Ko wata uku ba a cika ba ya auri wata budurwa Baturiya, Lucille Cameron, wadda mahaifiyarta ta riga ta kai ƙara cewa ya sace mata 'ya. Hukuma ta ɗauko wata doka ta 1910, dokar Mann, wadda aka kafa don hana fataucin mata zuwa karuwanci daga jiha zuwa jiha. Lucille ta ƙi ba da shaida a kansa, ƙarar ta rushe. Jami'an tarayya suka shiga tono har suka samo wata tsohuwar farkarsa, Belle Schreiber, wadda ya taɓa aika wa kuɗin jirgin ƙasa daga Pittsburgh zuwa Chicago. A kan wannan, a watan Mayu na 1913, masu taya alƙali hukunci su 12, dukkansu Turawa, suka same shi da laifi, aka yanke masa shekara ɗaya da kwana ɗaya. A daidai wannan lokaci wani ɗan majalisa daga Georgia, Seaborn Roddenbery, ya gabatar da ƙudurin gyara tsarin mulki don a haramta aure tsakanin baƙi da fari a duk faɗin ƙasar, yana kafa hujja da Johnson. Shugabannin baƙaƙe ma sun rabu a kansa. Booker T. Washington ya yi tir da shi a matsayin wanda ke jawo wa jama'arsa masifa, shi kuwa W. E. B. Du Bois ya rubuta cewa zakarun Turawa da yawa sun yi irin rayuwarsa ba wanda ya ɗaga musu yatsa, don haka baƙinsa ne laifin da aka kasa yafe masa.

A nawa ganin dukansu biyu sun taɓo gaskiya, amma Du Bois ya fi kusa da ita. Ba wanda ya gurfanar da Johnson saboda dukan Etta. Wannan laifi ne na haƙiƙa, kuma hukuma ba ta damu da shi ba. An gurfanar da shi ne a kan tikitin jirgi da ya saya wa babbar mace da ta tafi da son ranta, da dokar da ba don irin wannan aka yi ta ba. Munin halinsa a gida bai wanke waɗanda suka shirya masa wannan tarko ba, kamar yadda tarkon bai wanke shi daga hakkin Etta ba, kuma duk mai son ya ba da labarinsa da adalci sai ya ɗauki kayan nan biyu tare, komai nauyinsu.

Yana kan beli ya sulale ya shiga Kanada a watan Yuni na 1913, daga Montreal ya hau jirgin ruwa zuwa Faransa. Shekara bakwai ya yi yana gararamba. A nan ma akwai abin da ba a cika faɗa ba. Tun da ya hau kambu, Johnson ya rufe wa manyan 'yan damben baƙaƙe ƙofar da shi ya sha wuyar buɗewa. Sam Langford, da Joe Jeanette, da Sam McVea, duk ya kara da su kafin ya zama zakara, ya san haɗarinsu, bayan nan kuwa bai sake ba ko ɗayansu dama ba, hujjarsa ita ce ba mai biyan kuɗi ya kalli baƙi biyu suna faɗa. Sau ɗaya ya kare kambunsa da baƙar fata, a Paris a watan Disamba na 1913, da wani Jim Johnson wanda bai kai waɗancan ba, aka tashi kunnen doki. Langford, wanda masana da yawa ke ɗauka a matsayin mafi gwanintar ɗan damben da bai taɓa riƙe kambun duniya ba, daga baya an same shi makaho matalauci a wani ɗaki a Harlem. Johnson bai taɓa cewa shi jagoran kowa ba ne. Kansa ya yi wa yaƙi, kuma a wannan zamani baƙar fata ya ce zai rayu yadda ya ga dama shi kansa tawaye ne, ko da bai amfani maƙwabcinsa ba.

Yaƙin Duniya na Farko ya kashe kasuwar dambe a Turai, kuɗi suka ƙare. Ranar 5 ga Afrilu, 1915, a wani filin sukuwa a Havana ta ƙasar Kyuba, ya kara da Jess Willard, wani ƙato daga Kansas mai tsawon ƙafa 6 da inci 6. Johnson yana da shekara 37, bai yi shiri sosai ba. Ya rinjayi turame 20 na farko, sa'an nan rana da shekaru suka ci ƙarfinsa, a turmi na 26 ya faɗi. Akwai sanannen hoton da ya nuna shi kwance, hannunsa a kan fuska kamar mai kare hasken rana, kuma daga baya ya yi iƙirarin cewa da gangan ya faɗi, don an yi masa alkawarin sassauci idan ya koma gida. Yawancin masu tarihin dambe da suka kalli majigin ba su gaskata shi ba, kuma Willard ya yi ba'ar cewa mai niyyar faɗuwa ba zai jira turmi 26 a cikin wannan zafi ba. Ya zauna a Sifaniya, inda har ya gwada wasa da bijimai, ya koma Meziko. Mahaifiyarsa ta rasu a Chicago a 1918 bai samu ganinta ba. A watan Yuli na 1920 ya miƙa kansa a kan iyaka, aka kai shi kurkukun Leavenworth, ya fito a Yuli na 1921. A tsakanin nan ya ƙirƙiro wata irin sufana wadda hukuma ta yi masa rajistarta a 1922.

Sauran shekarunsa 25 na gangara ne a hankali. Gidan rawar da ya buɗe a Harlem ya koma hannun wani ɗan daba, Owney Madden, ya zama Cotton Club, inda baƙaƙe ke kiɗa da rawa, Turawa ke zaune a kujeru. Lucille ta rabu da shi a 1924, ya auri Irene Pineau a 1925, ita ce ta zauna da shi har ƙarshe. Ya yi ta ƙananan wasanni har ya haura shekara 50, daga bisani ya koma ba da labarin kansa ga masu biyan 'yan sulalla a wani gidan nuna abubuwan al'ajabi a New York. Bayan faɗuwarsa a Havana sai da aka yi shekara 22 kafin a sake barin baƙar fata ya nemi kambun masu nauyi. Da Joe Louis ya taso, masu kula da shi suka gindaya masa sharuɗɗan da kowannensu kishiyar Johnson ne: kada a ɗauke shi hoto da Baturiya, kada ya yi murna a kan wanda ya kayar, kada ya yi dariya a fage. Johnson ya nemi ya horar da shi aka ƙi, ya kuma hango tun da wuri cewa Louis yana sauke hannun hagunsa bayan naushi, ya ce Max Schmeling zai kayar da shi a 1936. Haka aka yi, ya fito yana alfahari da cin cacar da ya yi, mutanen Harlem suka kusa yi masa duka.

Ranar 10 ga Yuni, 1946, yana tuƙi a jihar North Carolina a kan hanyarsa ta zuwa New York, bayan wani gidan abinci ya ƙi ba shi wurin zama saboda launinsa, kamar yadda abokin tafiyarsa ya bayar da labari. Ya figi mota cikin fushi, kusa da garin Franklinton ta ƙwace masa ta daki turken lantarki. An kai shi asibitin baƙaƙe na Saint Agnes a Raleigh, a can ya cika yana da shekara 68. An binne shi a maƙabartar Graceland a Chicago, kusa da Etta.

Wasan Sackler ya fito ne a shekarar da kotun ƙoli ta soke dokokin hana aure tsakanin baƙi da fari, kuma shekarar da aka ƙwace kambun Muhammad Ali saboda ya ƙi zuwa yaƙin Vietnam. Ali ya je ya kalli James Earl Jones yana taka rawar, ya ce labarinsa ne, in dai aka cire batun mata aka sa na addini. Daga 2004 Sanata John McCain da wasu suka shiga neman a yi wa Johnson afuwa, majalisun tarayya biyu suka amince da ƙudurin roƙon haka a 2009. George W. Bush bai sa hannu ba, Barack Obama ma, baƙar fata na farko a fadar White House, ya sauka bai sa ba. Donald Trump ne ya sa hannu ranar 24 ga Mayu, 2018, bayan ɗan wasan fim Sylvester Stallone ya buga masa waya a kan maganar, shekara 105 bayan hukuncin Chicago.